FILIN MATA: Kwalbar Maganin Hanci Baƙuwar Kwana Uku Ce

Hunturun bana ya kankama sosai. Da safe hazo kan rufe Kwara har mai jirgi ba ya hangen gaɓar ƙetare sai rana ta ɗaga. Daga Shanga zuwa Dugu Tsoho, daga Yelwa har Wara, kowane gida kika sa kai sai ki ji ana atishawa, ana jan majina, ana magana ta hanci. Masu ban ruwan albasa da asuba, da masu bandar kifi, da 'yan makarantan da ke fita tun rana ba ta yi ba, duk ba wanda mura ta ƙyale.

To, a irin wannan lokaci ne wata 'yar kwalba ke samun kasuwa. Ƙarama ce, ba ta fi babban yatsa ba. Wata ɗiga ruwanta a ke yi a hanci, wata kuwa fesawa. Wadda aka fi sani ita ce Otrivin, amma tana da 'yan'uwa da yawa masu sunaye iri iri. Da kin miƙa kuɗi mai kemis zai miƙo miki, ba tambaya. Ba kuwa zan ɓoye muku ba, maganin yana aiki. Hancin da ya toshe tun la'asar, kafin ki gama gyara shimfiɗa ya buɗe sarai, ki yi barcinki har asuba. Amma fa zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Maganar da na ke tafe da ita a wannan mako ita ce, kwalbar nan baƙuwa ce ta kwana uku. In ta cika kwana uku ki sallame ta. Wadda ta bar ta ta zauna, wata rana baƙuwar ce za ta zama uwargida.

Bari mu fara da abin da ke toshe hancin, gama yawancinmu mun ɗauka majina ce. Shi ya sa za ki ga mace tana ta fyacewa har hancin ya yi ja ya saluɓe, amma ko kaɗan bai buɗe ba. Ga yadda abin ya ke. A cikin kowace ƙofar hanci akwai wani nama mai laushi da ya yi tudu tudu har hawa uku, cike ya ke da ƙananan jijiyoyin jini. Aikinsa ya ɗumama iskar da kika shaƙa, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta isa huhu. In mura ta kama, ko ƙura ta dame shi, sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya cika su, naman ya kumbura ya matse hanyar iska. Kin ga yadda Kwara kan cika ta cinye 'yar hanyar ƙafar da ke bakin gaɓa? Ba wanda ya zuba ƙasa ya toshe hanyar, ruwa ne ya taso. Haka toshewar hanci ta ke. Ko a lokacin da ki ke lafiya lau ma, in kin lura, ƙofa ɗaya ta kan fi ɗaya buɗewa, bayan 'yan sa'o'i kuma su yi canji. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka halicci hanci.

Abin da ruwan kwalbar nan ke yi shi ne ya tsuke jijiyoyin, jinin ya janye, kumburin ya saɓe. Cikin minti 5 zuwa 10 kin ji iska na wucewa, kuma ya kan riƙe har sa'a 10 ko 12. Ba sabon abu ba ne a duniya. Wanda ke cikin Otrivin, watau zailometazolin, tun 1959 a ke aiki da shi, ɗan'uwansa oksimetazolin kuwa a Jamus aka haɗa shi a 1961. Kada sunayen su ba ki tsoro. In kin duba jikin kwali kika ga wani dogon suna da ya ƙare da haruffan nan, "zoline", to, dangin su ke nan, ko wane suna aka raɗa wa kwalbar. Sai dai ki riƙe wannan, maganin ba ya kashe mura, ba ya kuma rage mata ko da yini ɗaya. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura sun fi iri 200, jiki ne da kansa ke korarsu cikin kwana 7 zuwa 10. Kwalba dai hutu ta ke saya miki, ki sami barci, ki iya cin abinci, shi ke nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Jijiyoyin nan in aka yi ta matse su dare da rana, sai su saba. A kwanakin farko ɗigo biyu ya kan kai ki gari ya waye. In aka zarce, sai ki ga kafin tsakar dare hancin ya sake toshewa, har ma ya fi na da. Ki ƙara ɗigawa. Gobe ya toshe da wuri fiye da jiya. Ki sake ƙarawa. Kafin ki farga abin da a ke yi sau biyu a yini ya koma sau biyar, sau shida. Murar ta tafi tuni, ba zazzaɓi, ba atishawa, amma hanci ya ƙi buɗewa sai an ba shi abinsa. A nan fa ba mura ke toshe miki hanci ba, maganin ne da kansa. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, har suna da sunan da su ke kiransa, ma'anarsa ciwon hancin da magani ya haddasa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayo biri.

Wata 'yar'uwa daga wajen Ngaski ta aiko mana da takarda a kan wannan. Ta ce tun hunturun bara ta fara ɗigawa, yau ga wani hunturun ya zagayo ba ta daina ba. Akwai kwalba ɗaya a ƙarƙashin matashinta, ɗaya a ƙullin zanenta, in za ta biki sai ta tabbata ta ɗauka kafin ta ɗauki mayafi. Har wata tsohuwa ta ce mata ko hannu aka sa mata. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya yi miki komai. Ba kuma lalacewar hali ba ce, kada ki ji kunyar faɗa wa malamin asibiti. Irinki suna da yawa, har a cikin masu ilmi. Amma lalle ne ki rabu da ita, domin in aka daɗe a haka cikin hancin ya kan bushe, ya yi ɓawo, ya riƙa zafi, haɓo ya yawaita, ga kuma kuɗin cefane da ke tafiya kemis kowane mako.

Hanyar rabuwa biyu ce. Mai ƙarfin hali ta kan jefar da kwalbar gaba ɗaya ta daure. Dare biyu ko uku na farko akwai wuya ƙwarai, da baki za ki yi numfashi, maƙogwaro ya bushe. Ki ɗaga kanki da matashi biyu, ki ajiye ruwan sha kusa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, ita na fi so. Ki zaɓi ƙofar hanci ɗaya, misali ta dama, ki daina sa mata ko ɗis. Ta hagu kaɗai za ki riƙa ɗiga wa, domin ki sami ta numfashi da dare. Bayan kamar mako guda ta daman za ta fara buɗewa don kanta. Sa'an nan sai ki yaye ta hagun. Yawancin mutane cikin mako ɗaya ko biyu su ke samun kansu, wadda ta shekara tana ɗigawa kuwa watakila nata ya ɗan fi haka. In abin ya gagara, ki je babban asibitin Yauri ko wanda ya fi kusa da ke, ki tafi da kwalbar a hannu. Akwai wani maganin fesawa dabam da likita kan bayar don ya taimaka wajen yayen, zan zo kansa.

Me ya sa na ce kwana uku, alhali wata za ta ce ta karanta takardar cikin kwali ta ga an rubuta biyar ko bakwai? Gaskiya ne, ƙasashe sun bambanta. A Amurka kwana 3 a ke rubutawa a jikin kwalba, wasu takardun kuwa su ce 5, wasu 7. Ni na ɗauki mafi ƙanƙanta ne don na san halinmu, wadda aka ce wa bakwai sai ta kai goma. Kuma toshewar mura mai tsanani ba ta cika wuce kwana ukun ba. Ranar da kika buɗe kwalba ki rubuta ranar a jikin kwalin. Wadda ba ta rubutu ta sa tsakuwa uku a gefen gado, kullum safe ta ɗauke ɗaya. In ma za ki iya, ki bar ɗigawar sai da dare kaɗai, da rana ai aiki da tafiya kan buɗe hanci da kansu.

Akwai kuma wadda tata ba mura ba ce ko kusa, ita ce kuwa ta fi saurin faɗawa wannan rami. Kin san mace wadda da an fara sussuka ko shiƙa, ko ta share ɗaki, ko ta zazzage buhun dawa, sai atishawa ta ɓarke mata goma a jere, hanci na zubar da ruwa fari kamar hawaye, ido na ƙaiƙayi, amma jikinta ba zafi? Wannan jikinta ne ba ya shiri da ƙura ko ƙaiƙayin hatsi, abin da malaman asibiti ke kira alaji. Hayaƙin banda da na maganin sauro na kunnawa su kan ƙara tsokano shi. Mura baƙuwa ce, mako guda ta wuce. Alaji kuwa ɗan gida ne, muddin hazo na nan yana nan, sai ya yi wata biyu ko uku. To, yaya za ki yi maganin ciwon wata uku da kwalbar kwana uku? Nata maganin dabam ne. Akwai ƙwayoyin hana atishawa. Tsohon cikinsu shi ne Piriton, kowa ya san shi, amma yana sa barci da kasala. Kada ki sha shi ki zauna gaban murhu ko tukunyar tuya, kada kuma ki ba maigida in zai tuƙa jirgi ko babur. Akwai na baya bayan nan irin su loratadin da setirizin, waɗanda ba su cika sa barci ba, sau ɗaya a ke sha a yini. Sa'an nan ga maganin fesawar da na ambata ɗazu, mai kwantar da kumburi a hankali. Shi ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga amfaninsa, amma ba ya kama mutum kamar wancan. Kwalaben sun yi kama da juna, don haka kada ki zaɓa da ido, ki bar likita ko masanin haɗa magunguna ya zaɓa miki. Kafin duk wannan ma, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki ɗaure hanci da ɗankwali mai tsabta in za ki shiƙa, ki tsaya ta inda iska ke fitowa in kina banda.

Ɗigawar ma tana da ƙa'ida. Ki wanke hannu, ki fyace hanci a hankali. In ta ɗigawa ce, ki kwanta rigingine ki sake kai baya, ɗigo 2 ko 3 a kowace ƙofa, ki dakata kamar minti biyu kafin ki tashi. In ta fesawa ce, a zaune za ki yi, kai ya ɗan sunkuya gaba. Ki riƙe kwalbar da hannun dama ki fesa wa ƙofar hagu, da hannun hagu ki fesa wa ta dama, domin bakin kwalbar ya kalli wajen kunne, kada ya kalli shamakin da ke tsakiyar hanci, gama nan ne haɓo ke fitowa. Kada ki zuƙa da ƙarfi har ya gangara maƙogwaro. Zailometazolin ba a wuce sau 3 a yini da shi, oksimetazolin kuwa sau 2 ne, safe da dare. In kin gama ki goge bakin kwalbar ki rufe. Kowa da tasa. Na san a gidan yawa wannan magana da nauyi, kwalba ɗaya kan zaga ɗaki huɗu, ana ganin zumunci ne. Ba zumunci ba ne, rabon mura ne.

Maganar yara kuwa, a nan ina roƙonku ku buɗe kunne. Jariri da hanci ya fi yin numfashi, in ya toshe sai ya kasa kama nono, ya yi ta kuka, uwa ta rikice. A wannan rikicewar ne hannu kan kai ga kwalbar manya, a ce ai ɗigo ɗaya ne. Kul! Abin da ya tsaya a hancin babba, a jikin jariri shiga jini ya ke yi. Ya kan sa barci mai nauyi, numfashi ya ragu, bugun zuciya ya yi ƙasa, har ya kai ga suma. A 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba irin waɗannan magungunan mura na kanti. A 2009 ta Ingila ta kai abin har shekara 6. Ki ɗauki ta Ingilan, yaron da bai cika shida ba kada ki sa masa sai in likita ne ya duba shi ya rubuta. Daga shida zuwa sha biyu akwai Otrivin na yara, a jikinsa an rubuta 0.05%, na manya kuwa 0.1%. Amma kada ki riƙe lambar kaɗai, domin a oksimetazolin 0.05% ɗin nan shi ne ƙarfin manya. Ki nemi inda aka rubuta shekarun wanda aka yi dominsa.

Har wa yau, ki san inda ki ke ajiye ta. A 2012 hukumar nan ta Amurka ta ba da labarin yara 96, daga ɗan wata ɗaya zuwa ɗan shekara 5, waɗanda suka sha irin wannan ruwa na hanci ko na ido bisa kuskure tsakanin 1985 da 2012, da yawansu sai da aka kwantar a asibiti. Ta ce mililita 1 ko 2 ya isa ya jigata ƙaramin yaro. Cokalin shayi fa mililita 5 ya ke ɗauka, kin ga ko rabinsa bai kai ba. Ƙarƙashin matashi da bakin taga ba wurin ajiya ba ne, mai rarrafe ba abin da ba ya kai wa baki. In kuwa ƙaddara ta faɗa ya sha, kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada kuma ki ce bari a ga abin da zai yi. Ki saɓe shi sai asibiti, da kwalbar a hannu.

Mu koma kan na haɗiya. Ƙwayoyin mura da mu ke saye ɗaya ɗaya, irin su Procold da Mixagrip, ba magani ɗaya ba ne, gauraye ne. A ciki akwai farasitamol, akwai mai hana atishawa, akwai kuma mai buɗe hanci, wanda sunansa ya kan ƙare da "rine", kamar sudo'efedirin da fenilefirin. Tun da ta ciki ya ke bi, ba jijiyoyin hanci kaɗai ya ke tsukewa ba, har na sauran jiki. Shi ya sa wata in ta sha sai gabanta ya riƙa faɗuwa, barci ya ƙaurace mata, jini ya hau. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jinin ido, da tsohon da fitsari ke yi wa gardama, duk kada su sha sai sun tambayi likita, ko na ɗigawar ma su tambaya. A 2024 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce mai hawan jini mai tsanani ko wanda ba a shawo kansa ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, kada su kusanci sudo'efedirin sam. Abin tsoron shi ne, mata nawa ne a cikinmu ke yawo da hawan jini ba su taɓa awo ba? Shi kuwa fenilefirin na haɗiya, a 2023 kwamitin masana na hukumar Amurka, su 16, baki ɗaya suka ce ba ya buɗe hanci a yawan da a ke sa shi cikin ƙwaya. Watau dai ana biyan kuɗin abin da ba ya aikin da aka saye shi dominsa.

Kada ki haɗa na ɗigawa da na haɗiya a lokaci ɗaya, aiki ɗaya su ke yi. Kada kuma ki sha ƙwayar mura ki bi ta da farasitamol don ciwon kai, alhali yana cikinta. Iyakar babba a yini da kwana giram 4 ne, watau ƙwaya 8 masu 500, har da wanda ke ɓoye cikin maganin mura. Wuce haka hanta ya ke ci, kuma a ɓoye. Kafso ja da yalo da sauran danginsa kuwa ba ruwansu da mura, ko da majina ta yi kauri ta yi kore. Asarar kuɗi ce kawai.

Mai juna biyu ta nisanci duk waɗannan, musamman a wata uku na farko, sai abin da aka ba ta wajen awo. Mai goyo kuma ta san wannan. A 2003 an gwada wasu mata masu shayarwa a Ostireliya, aka ga ƙwaya ɗaya ta sudo'efedirin mai miligiram 60 ta rage musu ruwan nono da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a yinin. Sau nawa a ke ɗora wa mai jego laifin rashin shan kunu, ashe abin da ta haɗiya don mura ne ya janye nonon?

To, in an hana wannan an hana wancan, da me za a yi? Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba. A wannan wuri dai ya sani. Ruwan gishiri shi ne maganin da jariri da mai ciki da tsohuwa mai hawan jini duk za su iya sa wa a hanci, kullum, har hunturu ya wuce, ba ya kama kowa. Ana sayar da shi a kemis cikin 'yar kwalba, wannan ya fi dacewa da jarirai. Na manya ki haɗa da kanki. Ki tafasa ruwa rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan sha guda. Ki zuba gishiri mai tsabta cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba tozo. Ki rufe ya huce. In kin ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Ki zuba a tafin hannu mai tsabta, ki toshe ƙofa ɗaya ki shaƙa da ɗayar a hankali, ki bar shi ya zubo, kamar dai yadda a ke yi a alwala. Sau uku ko huɗu a yini ba laifi. Yana wanke ƙura, ya tsinka majina, ya jiƙa wurin da ya bushe. Kullum ki haɗa sabo. Tafasawar nan kuwa tilas ce, kada ki ɗebo ɗanyen ruwan kogi ko na tafki ki yi wannan wanki da shi. Jariri ɗigo 2 ko 3 a kowace ƙofa kafin ki ba shi nono, ki share abin da ya fito da ƙyalle mai laushi, ki ci gaba da shayarwa a kai a kai.

Robb da Mentholatum sanyi su ke sa wa a ji kamar iska na shiga, ba buɗe hancin su ke yi ba. Babba ya shafa a ƙirji in yana jin daɗinsa, amma ba a cusa su cikin hanci, ba a kuma shafa wa jariri a fuska. Surace da ruwan zafi ya kan ɗan ba babba sauƙi, amma na fi tsoron ƙunar da ya kan jawo wa yara bisa amfaninsa. Shayi da citta, da kunu mai ɗumi, da romon kifi mai ɗan yaji, waɗannan ai ba sai na koya wa matan bakin Kwara ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin. Ku ne idon gida. In an aike ki kemis, ki duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali, ki duba ranar da maganin zai lalace, ki ga ko an taɓa buɗe murfin. Kada ki saya a faifan mai talla wanda ya yini cikin rana a kasuwa. In kin kawo, ki zauna ki karanta wa Inna takardar da ke ciki, ki rubuta mata ranar da ta fara, ranar ta uku kuma ki tuna mata cikin ladabi. Ku na makarantar kwana, kada ku riƙa ara wa juna kwalba a ɗakin kwana, kada kuma ki sha Piriton da safe ranar jarrabawa.

Saura alamun da ke nuna abin ya wuce na kemis. In mura ta haura kwana 10 ba sauƙi, ko ta yi kamar ta tafi ta dawo da zazzaɓi da ciwon fuska ko kumburin ido, a je asibiti. Yaron da ƙofar hancinsa ɗaya kaɗai ke zubar da majina mai wari, sau da yawa ƙwayar gyaɗa ce ko wake ko dutsen ado ya cusa, kada ki tona da tsinke, ki kai a cire. In yaro na mura da tari, ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ciwon huhu ne a ke tsoro, ba a kwana da shi. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, da ya ƙi nono ko jikinsa ya yi zafi, a tafi kawai. Ku tuna ƙyanda da mura ta ke fara sallama. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da wasu jihohin arewa tun ƙarshen 2022, shi ma da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi ya ke farawa, sa'an nan wuya ya kumbura. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa, ba mu manta da abin da sanƙarau ya yi a Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025 ba. Ku da ke tsibirai da ƙauyukan ƙetare, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan da rana, ku nemi jirgi tun da sauran haske, kada ku bari sai dare ya yi hazo ya sauka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kaushi da faso, da irin man da ya kamata a shafa wa yara a wannan sanyi. Mai tambaya ta aiko da takardarta tun da wuri.